The Handmaid's Tale ko The Man in the High Castle: Wanne Ya Cancanci Datarka?

Tsakanin 2015 da 2025 kamfanonin fim na Amurka sun ɗauko tsofaffin littattafai uku daga cikin waɗanda ke ƙaga duniyar da ta faɗa hannun azzalumai, suka mayar da su fina-finai masu dogon zango. Amazon ta ɗauki The Man in the High Castle na Philip K. Dick, littafin 1962. Hulu ta ɗauki The Handmaid's Tale na Margaret Atwood, marubuciya 'yar Kanada, wanda ya fito a 1985. Peacock kuma ta gwada sa'arta da Brave New World na Aldous Huxley, dattijon cikinsu, tun 1932. Duka ukun sun ƙare, babu sauran zaman jiran zango na gaba, masu kallo sun faɗi albarkacin bakinsu sun huta. Yanzu ne mutum zai iya tambaya a tsanake, wanne ne ya cancanci a ƙona masa data da barcin dare?

Tsawonsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi lissafi. The Handmaid's Tale zango shida ne, kashi 66, kowane kashi yana neman awa guda. The Man in the High Castle zango huɗu ne, kashi 40. Zan taɓa wasu abubuwan da suka faru a ciki don hujja, amma ba zan tona yadda kowannensu ya ƙare ba.

Bari in fara sallamar na ukun, don ba shi da dogon bayani. Brave New World ya fito a Yulin 2020, kashi tara, kuma kafin shekarar ta ƙare Peacock ta soke shi. Huxley ya rubuta labarin al'ummar da aka mallake da jin daɗi: ana ƙyanƙyasar jarirai a kwalba, a raba su aji-aji tun kafin su buɗe ido, duk wanda damuwa ta taso masa ya haɗiyi ƙwayar soma ya manta. Fim ɗin ya ɗauki ƙyalƙyalin ya bar tunanin. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin waɗanda suka kalla shi ne tsiraici da badala sun cinye labarin, har ya zama fim ɗin da kansa yana sayar da abin da littafin ke gargaɗi a kai. Wanda yake son Huxley ya nemi littafin. Gasar ta gaske tsakanin sauran biyun take.

The Handmaid's Tale labarin Amurka ce bayan wata ƙungiya mai fakewa da addini ta kifar da gwamnati ta kafa ƙasar da ta kira Gileyad. Haihuwa ta yi ƙaranci a duniya, sai sabbin masu mulki suka tattara matan da aka san suna haihuwa, suka raba su gidajen manyan kwamandoji a matsayin kuyangi, aikinsu ɗaya tak: su haifa wa maigida da uwargida ɗa. Hujjar da suka riƙe ita ce labarin Rahila da baiwarta Bilha a Littafin Farawa sura 30. An haramta wa mata karatu, an kore su daga aiki, an rufe asusunsu na banki rana ɗaya. Kowace mace da launin tufafinta: matan kwamandoji shuɗi, masu aikin gida kore, kuyangi ja da farar hula mai rufe gefen fuska. Ko suna ba a bar wa kuyanga ba, da sunan kwamandan da take hannunsa ake kiranta. Elisabeth Moss ce ta fito a matsayin June, kuyangar da aka ƙwace wa 'ya, aka raba ta da mijinta Luke. Wanda ya hau matsayin mijin, O-T Fagbenle, ɗan Birtaniya ne da mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

A kan zango na farko kusan bakin masu kallo ɗaya ne. Ya fara fita a Afrilun 2017, kashi goma, ya bi littafin daga farko har inda Atwood ta ajiye labarin kuyangar. A shekarar ya lashe lambobin yabo na talabijin na Emmy guda takwas, ciki har da ta gwarzon fim mai dogon zango, kuma shi ne na farko daga manhajojin kallo ta intanet da ya taɓa cin wannan lambar. Moss ta ci tata, Ann Dowd ma ta ci tata a matsayin Aunt Lydia, matar da ke horar da kuyangi da sandar lantarki a hannu da kalaman tausayi a baki. Abin da ya kama mutane ba jinin da aka zubar ba ne, yadda aka nuna lalacewar ta zo a hankali ne. Ana komawa baya a nuna June tana neman sayen kofi katinta ya ƙi aiki, a nuna ranar da aka ce duk matan ofis su kwashe kayansu su tafi, mazan ofis ɗin suna sunkuyar da kai babu wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya fi bulalar ban tsoro.

Lokacin fitowarsa ma ya taimaka masa. Watanni uku ne bayan rantsar da Donald Trump, Amurkawa suna cikin zazzafar muhawara kan 'yancin mata da zubar da ciki. Nan da nan jar rigar da farar hular suka fita daga fim suka shiga titi: mata masu zanga-zanga sun sa su a majalisar jihar Texas a 2017, sun sa su a Ajantina da Ireland a 2018. Wannan ya raba masu kallo gida biyu tun da wuri. Wasu suka ɗauke shi gargaɗi, wasu suka ce farfaganda ce ta masu ƙin addini da aka lulluɓe da labari.

Wannan zargin ne mai kallo daga wajenmu zai fi son jin gaskiyarsa, don haka zan ɗan daɗe a kai. A ganina wanda ya ce fim ɗin yaƙi yake da addini bai kalle shi da kyau ba. Gileyad ba ta bar masu addini sun sha iska ba. A littafin tana yaƙi da 'yan ɗarikar Baptist, tana rataye limaman Katolika, kuma 'yan ɗarikar Quaker ne ke ɓoye matan da suka gudu. Littafi Mai Tsarkin kansa a kulle yake cikin akwati, kwamanda kaɗai ke buɗewa ya karanto abin da ya ga dama. A zango na biyu akwai inda June ta ɓuya a gidan wasu talakawa, ta shiga ƙarƙashin gado, sai ta tarar da Alƙur'ani da dardumar salla da masu gidan suka ɓoye, alhali su kansu sun fita ibadar da hukuma ta tilasta musu. A wannan zangon dai an yanke wa Serena, uwargidan kwamandan da June take hannunsa, yatsa saboda ta karanta aya a gaban majalisar maza. Mulkin da ke yanke wa mace yatsa don ta karanta littafin da yake iƙirarin bi, ba addini yake karewa ba, kujera yake karewa. Atwood ta sha faɗa cewa ba ta saka komai a littafin ba sai abin da ya taɓa faruwa a wani wuri. Ta fara rubuta shi a Yammacin Berlin a 1984, katanga na tsaye, kuma tana da misalai a gabanta irin su Romaniya ta Ceausescu, inda dokar 1966 ta hana zubar da ciki don a ƙara yawan jama'a, da tsattsauran Kiristocin da suka kafa yankin New England na Amurka a ƙarni na 17. Mu da muka ga yadda aka kwashe 'yan matan Chibok a 2014 aka raba wasunsu ga mayaƙa da sunan aure, ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi.

Duk da haka, kada a ɓoye: fim ɗin da idon Amurkawa masu sassaucin ra'ayi aka yi shi, kuma yana ɗauke da ra'ayinsu kan zubar da ciki da alaƙar jinsi ɗaya a fili. Wanda hakan zai hana shi sakewa ya sani tun kafin ya sauke.

Matsalar The Handmaid's Tale ta fara ne daga inda littafin ya ƙare. Labarin Atwood ya ƙare da kashi na goma, saura kashi 56 marubutan fim ne suka ƙirƙira. Masu bin fina-finai masu dogon zango na Kannywood sun san wannan ciwon, labari ya kai gaɓarsa amma kasuwa ta hana shi tsayawa. Zango na biyu ya sha suka kan yawan azabtarwa, mata da yawa sun ce sun ajiye shi a nan saboda sun gaji da kallon ana gana wa mata uƙuba ba tare da labarin ya matsa ba. Daga na uku sai wani ƙorafin ya taso: June ta gudu, a kamo ta, ta sake gudu, ta dawo da ƙafarta. A zango na farko ana cire wa kuyanga ido don ta yi rashin kunya, amma June tana aikata abin da ya ninka haka sau goma ta kwana lafiya, don kawai ita ce tauraruwa. Tsoron da ya riƙe mai kallo da farko shi ne kowa na iya mutuwa, da aka gane ita ba za ta mutu ba sai tsoron ya saki. Har zolaya masu kallo suka riƙa yi kan yadda kusan kowane kashi ke rufewa da kyamara a kan fuskar Moss tana zare ido.

Akwai kuma sukar da baƙaƙen fata suka yi, wadda nake ganin tana da ƙarfi. A littafin Gileyad ƙasar wariyar launin fata ce, ta kwashe baƙaƙe ta kai su wani yanki daban. Fim ɗin ya cire wannan don a samu damar saka 'yan wasa baƙaƙe, irin su Samira Wiley da ta fito a Moira. Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon shi ne an nuna Amurka mai bautar da mata wadda ba ruwanta da launi, a ƙasar da tarihinta na tilasta wa mata haihuwa don amfanin iyayengiji a kan baƙaƙen bayi ya faru. Wannan giɓin bai taɓa cikewa ba har fim ɗin ya ƙare a Mayun 2025.

The Man in the High Castle wata irin tambaya yake yi: da Jamus da Japan ne suka ci Yaƙin Duniya na Biyu fa? Shekarar labarin 1962 ce. 'Yan Nazi suna mulkin gabashin Amurka daga New York, Japan na riƙe da yamma daga San Francisco, tsakaninsu akwai yankin tsaunuka da babu mai iko da shi sosai. Hitler ya tsufa, manyan jami'ansa suna jiran ya mutu su far wa Japan. Cikin haka wasu faya-fayen fim ke yawo a ɓoye, suna nuna wata duniya da Amurka da ƙawayenta suka yi nasara, wato tamu. A wurin Dick littafi ne da 'yan Nazi suka haramta, masu fim suka mayar da shi faifai.

Abin da kowa ya yaba shi ne yadda aka gina duniyar. Ba a cika ihu ba, a ƙananan abubuwa ake nuna mugunta. A kashin farko wani ɗan sanda ya tsaya taimaka wa direba da tayarsa ta fashe, har ya ba shi abinci, sai toka ta fara sauka daga sama. Direban ya tambaya, ɗan sandan ya amsa ba tare da damuwa ba cewa asibiti ne, ranar Talata suke ƙone guragu da marasa lafiyar da ba za su tashi ba. Ya ci gaba da harkarsa. Wannan minti ɗayan ya faɗi abin da fim ɗin gaba ɗaya yake son faɗi.

Sai dai jaruman da aka so mu bi, Juliana da Joe da Frank, su ne suka fi ba masu kallo haushi. An yi ta cewa ba su da armashi, soyayyarsu ba ta kama zuciya, kuma zango na farko yana jan ƙafa a tsakiya. Mutane suka koma bin waɗanda ya kamata su tsana. Akwai Tagomi, ministan kasuwancin Japan, dattijo mai natsuwa da ke neman shawara a tsohon littafin duba na Sin, I Ching, wanda Dick kansa ya ce ya yi amfani da shi wajen rubuta littafin. Akwai Sufeto Kido, ɗan sandan ciki mara imani amma mai riƙon alƙawari. Sama da kowa akwai John Smith.

John Smith babu shi a littafin, masu fim ne suka ƙirƙiro shi, Rufus Sewell ya hau matsayin, kuma shi ne dalilin da ya sa yawancin waɗanda suka kai ƙarshe suka kai. Tsohon sojan Amurka ne da ya miƙa wuya lokacin da aka ci ƙasarsa, ya hau har ya zama babban jami'in Nazi. A gida uba ne nagari, yana karya kumallo da 'ya'yansa, yana girmama matarsa Helen. A ofis yana sa hannu a kashe mutane. Sai likita ya gaya masa ɗansa Thomas na ɗauke da ciwon da ke shanye tsoka, kuma dokar da shi Smith yake karewa ta ce irin wannan yaron kashe shi ake yi. Daga nan fim ɗin ya zama labarin mutumin da ya shiga zalunci don ya tsare iyalinsa, zaluncin ya biyo shi har cikin ɗaki. Mafi ciwo shi ne yaron ya yarda da abin da aka koya masa a makaranta fiye da yadda uban ya yarda. Ban ga wani abu a zangunan baya na The Handmaid's Tale da ya kai wannan nauyi ba.

Nan ne bambancin fina-finan biyu yake, kuma a kansa ya kamata mutum ya yi zaɓi. The Handmaid's Tale yana zaunar da kai a wurin wanda aka zalunta. Kana jin zafi, kana fushi, amma kana da tabbacin kai mutumin kirki ne, azzaluman can suke. The Man in the High Castle yana zaunar da kai a teburin azzalumin, ya nuna maka yana son 'ya'yansa kamar yadda kake son naka, ya bar ka da tambayar me za ka yi in an ce ka sa hannu ko 'ya'yanka su kwana da yunwa. Na farkon ya fi taɓa zuciya, na biyun ya fi hana ta sukuni. The Handmaid's Tale ya gwada irin wannan da Serena da Aunt Lydia, matan da suka taimaka aka gina kurkukun da su ma suke ciki, kuma duk inda aka ba su fili fim ɗin yana farfaɗowa, amma kullum sai a janye a koma kan June.

Shi ma The Man in the High Castle bai sauka lafiya ba. Frank Spotnitz da ya tsara shi ya bar aikin ana tsakiyar zango na biyu, daga nan ragamar ta riƙa sauya hannu, kuma ana ganin alamar hakan. Zango na uku ya nutsa cikin batun ƙofar shiga wasu duniyoyi, abin da ya kori waɗanda siyasar ta jawo su. Zango na huɗu, a Nuwamban 2019, ya kawar da Tagomi tun a farko ba tare da sallamar kirki ba, ya kuma shigo da ƙungiyar baƙaƙen fata 'yan tawaye wadda ta cancanci a fara ginata tun shekaru uku baya. Minti biyar na ƙarshe kuwa har yau masu kallo ba su daidaita kan ma'anarsu ba, da yawa sun ce an bar su a tsaye. Mai kallo ɗan Afirka zai lura da wani abu: littafin Dick ya faɗa a sarari cewa 'yan Nazi sun yi wa nahiyarmu kisan ƙare dangi bayan nasararsu, amma shi da fim ɗin duka a gefe suka ambace shi suka wuce. A wannan fannin babu wanda ya fi wani tsakanin fina-finan biyu.

Batun kallo a gida: babu ɗaya daga cikinsu da za a kunna a falo yara na zaune. The Handmaid's Tale ya fi nauyi nesa ba kusa ba, domin fyaɗe shi ne ginshiƙin labarin, ana nuna shi a matsayin ibadar wata-wata, uwargida na riƙe da hannun kuyanga. Wadda ta taɓa shiga irin wannan bala'i, ko mai juna biyu, ko wadda ta rasa ɗa, ta yi tunani sosai kafin ta fara. The Man in the High Castle akwai azabtarwa da kisa, har da na yara tun a kashi na biyu, da tsiraici jefi-jefi, ga tutar Nazi a kusan kowane lungu. Tutar nan ta jawo wa Amazon rigima a 2015, lokacin da ta lulluɓe kujerun wani jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York da alamu masu kama da ita don talla, sai da aka cire.

To wanne za a ɗauka? In awa goma kaɗai gare ka, zango na farko na The Handmaid's Tale ya fi duk wani zango a cikin fina-finan nan uku, kuma cikakken labari ne da kansa. Ka kalle shi ka tsaya inda Atwood ta tsaya. In son sanin makomar Gileyad ya dame ka, ita da kanta ta rubuta ci gaba, The Testaments, a 2019, wanda ya ci kyautar adabi ta Booker tare da littafin Bernardine Evaristo, kuma karanta shi ya fi sauƙi a kan awa hamsin da wani abu na kallo. In kuwa fim kake so wanda za ka bi daga farko har ƙarshe, ni The Man in the High Castle zan miƙa maka. Ya fi gajarta da kashi 26, yana kan Prime Video, kuma ko a inda labarin ya ɓace, gidan John Smith bai taɓa daina jan hankali ba. Ka yi haƙuri da tsakiyar zango na farko, na biyun ne ladan haƙurin.

Wanda yake tunanin fara karatu kafin kallo, tsarin ya bambanta. Littafin Atwood gara a karanta shi da farko, saboda babinsa na ƙarshe, inda wasu malaman jami'a a shekarar 2195 suke nazarin labarin matar suna raha a kai, babu shi a fim ɗin, kuma yana sauya yadda za ka ɗauki duk abin da ya gabata. Na Dick kuwa ko an bar shi sai bayan kallo babu asara. Gajere ne, babu 'yan tawaye masu harbe-harbe, babu John Smith, mafi yawansa a kan masu sayar da kayan tarihi na jabu ne da mutanen da suka saba da rusuna wa wanda ya ci su da yaƙi. Wanda ya zo masa da tsammanin abin da ya gani a allo zai ɗauka an ba shi wani littafin ne daban.